Shekarar da Na Ɓoye Takardar Filin Coci

Mu tara ne a coci ranar Lahadin da baƙon ya fara zuwa. A lokacin ba sai an ƙirga mu ba, kallo ɗaya ya isa. Ya shigo ana tsakar waƙar farko, ya zauna a bencin ƙarshe, wanda ya daɗe ba mai hawansa sai kajin maƙwabta. Dogon mutum ne, zai yi shekara arba'in, sanye da farar riga da ta sha guga. Bai buɗe baki ya yi waƙa ba. Idonsa na kan rufi, daga rufi ya koma taga, daga taga ya koma kan tsagar bangon da ke bayan bagade, inda mai wa'azi ke tsayawa. Ni kuma idona na kansa.

Ni mutuniyar ƙasar Zuru ce. Aure ya kawo ni Kalgo. Maigidana malamin gona ne, rabin rayuwarsa a kan babur ya yi ta, yana zagaya ƙauyukan Gwandu, yau Masama, gobe Maruda, jibi Malisa. Ni kuma na koyar a firamare har na ajiye alli. Da ya rasu 'ya'yana suka so in koma gida, na ƙi. A nan na haife su, a nan nake da maƙwabtan da suka san ciwon ƙafata, kuma a nan cocinmu yake.

Cocin na Baptis ne, ƙarami, ginin bulo da rufin kwano. Yarbawa 'yan kasuwa da ma'aikatan da aka turo daga wurare daban-daban suka gina shi. Na riski lokacin da sai an fito da benci waje saboda cika. Daga baya aka yi ta canza wa ma'aikata wurin aiki, 'ya'yan 'yan kasuwar suka girma suka tafi, matasan da suka rage suka gwammace su shiga mota zuwa Birnin Kebbi, inda ake da kiɗa da lasifika. Fastonmu na ƙarshe ya tafi ƙaro karatu, bai dawo ba. Shekara uku Baba Dikin, dattijon da ke taimaka wa fasto, shi ne ke riƙe da mu. Bayarabe ne, tsohon mai sayar da kayan keke, ya fi shekara hamsin a Kalgo, Hausarsa ta fi tawa gishiri.

Da aka tashi sujada, Baba Dikin ya ce mu ɗan dakata. Ya gabatar da baƙon, ya ce fasto ne, shugabannin ikilisiyoyinmu na yanki suka turo shi ya duba halin da ƙananan coci-coci ke ciki, a san yadda za a farfaɗo da su.

Faston ya miƙe, ya gaishe mu da ladabi, har ya kira ni Mama. Ya ce bai zo da hukunci ba, shawara ya kawo. Akwai wata babbar ikilisiya a Birni da za ta iya ɗaukarmu a matsayin reshenta, ta turo mana mutane da masu waƙa, sai dai ragamar komai za ta koma hannunta. Ko kuma mu haɗa kai da 'yan'uwa kaɗan da ke taruwa a Gwandu, a ba mu fasto ɗaya da zai riƙa kai da komo tsakaninmu. Sai ya duba agogonsa, ya ce a hankali, "In kuma duk ya gagara, ba abin kunya ba ne a rufe ƙofa a bi 'yan'uwa zuwa Birni."

Wannan maganar ta ƙarshe ce kawai na tafi da ita gida. Na lura da yadda ya sassauta murya a kanta, na kuma lura Baba Dikin bai ko ɗaga kai ba, kamar wanda ya riga ya ji.

Gidan da ke jikin katangar cocin na wata dattijuwa ce da muke kira Inna. Musulma ce, 'yar asalin garin, danginta duk manoman shinkafa ne a fadama. Shekara talatin muna musayar kwano, ita da sallah, ni da Kirsimeti. Washegari na tsaya gaishe ta, tana zaune a ƙofar gida tana gyaran albasa.

Ta ce, "Malama, wanga mutum mai hwarar riga, mi ya kawo shi?"

Na ce baƙo ne, jiya ya fara zuwa.

Ta ajiye wuƙa ta dube ni. "Jiya? Ai na gane shi sau biyu kahin jiya. Shi da tsohonku, da wani mai igiyar awo. Sun auna gini, sun zagaya baya sun auna hili har bakin darbejiya."

Kowa a Kalgo ya san abin da ke faruwa da filaye tun da jami'a ta matso kusa da mu. Duk inda ka duba ana ta tayar da ɗakunan haya na ɗalibai. Filin cocinmu yana bakin hanya, bayansa fili ne fetal. Kafin in kai gida na gama haɗa labarin a raina: za a rufe cocin, a sayar da filin, kuma Baba Dikin na ciki.

Daga ranar na zama mai gadi ba tare da an naɗa ni ba. Kome Baba ya yi sai in ba shi fassara. Shi da bai taɓa barin wa kowa karatun nassi ba, sai ga shi ran Lahadi yana miƙo mini littafi yana cewa, "Malama, yau ke za ki karanta mana." Na ce a raina, ya fara zare hannu ke nan. Ya daina kawo sababbin waƙoƙi, sai tsofaffin da ya haddace yake ta maimaitawa. Na ce, wanda ya san ranar rufewa me zai yi da sabuwar waƙa? Wata Laraba na wuce shi a bakin kasuwa, na ɗaga masa hannu, ya dube ni sosai ya wuce bai ce uffan ba. Wannan kam na ɗauka kunyata ce ta hana shi magana.

Ban riƙe abin a cikina ba. A zumuntar mata, mu huɗu, na faɗi duk abin da Inna ta gani, na ƙara da abin da ni na hango. Ban yi ƙarya ba, amma na jera maganganun yadda dole mai ji ya isa inda na isa. Kafin mako biyu, duk wanda ya rage a cocin yana gaishe da Baba da fatar baki.

Akwai kuma zancen takarda. Maigidana ya yi sakataren coci shekaru da yawa, takardar shaidar filin tana cikin akwatinsa na ƙarfe, a ƙarƙashin gadona. Da faston ya sake dawowa, ya biyo ni har gida. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwa, na kawo ruwa. Bayan gaisuwa da ta'aziyyar da ta makara shekaru, ya ce, "Mama, an ce mini takardar filin tana wajen marigayi. Ko za ki bari in gan ta?"

Na ce, "Me za ka yi da ita, Fasto?"

"Ina son in san iyakar filin ne kawai, da sunan da ke kanta."

Na dube shi ido cikin ido na ce, "Kayan marigayi sun watse. Ban san inda take ba."

Ya ce ba komai, Allah ya sa a gani. Yana fita na jawo akwatin, na ciro takardar, na naɗe ta a leda na tura cikin buhun gero. Tun ina yarinya ban tuna ranar da na shirga ƙarya tsirara irin wannan ba, kuma ga wanda na yi wa. Amma na lallashi kaina da cewa gidan Allah nake karewa.

Abin da ya rage mini shi ne in san me ya gaya wa mutanen Gwandu. Na tabbata in mutum yana da wata manufa, ba magana ɗaya zai faɗa a wuri biyu ba. Ran wata Asabar na shirya da safe, na ce wa Inna zan je gaishe da tsofaffin abokan aikin maigidana, na shiga mota ta Birni, daga can na sauya wata zuwa Gwandu.

'Yan'uwan Gwandu ba su da gini. A falon wata ma'aikaciyar jinya suke taruwa, ita da mijinta da wasu malaman makaranta da iyalansu. Na taɓa ganinta a wani taron mata, shi ya sa ban sha wuyar samun gidan ba. Ta karɓe ni, ta kawo fura, amma ta zauna a bakin kujera, tana amsa mini da kalma ɗaya-ɗaya. Na zagaya, na zagaya, sannan na ce, "'Yata, wani fasto ya zo muku kwanan nan?"

Ta ce, "Mama, ai kun fi mu sani. Ba ku kuka turo shi ba?"

Na ce, "Mu?"

"To wa? Mu nan abin da muka fahimta, ku na Kalgo kun rasa mutane, kuna son a kwashe mu a cika muku benci. Shekara shida muna taruwa a ɗakin nan ba wanda ya leƙo mu. Yanzu rana ɗaya an tuna da mu. Da na gan ki a ƙofa na ce, to, an aiko mai leƙen asiri."

Ni da na taso tun daga Kalgo in binciki wasu, ga ni zaune ana yi mini irin kallon da nake yi wa baƙon nan. Na gaya mata abin da muke tsoro mu ma. Ta saurara, ta gyara zama, ta fara ba ni amsa da cikakkiyar magana. Muka kwatanta abin da faston ya faɗa musu da abin da ya faɗa mana, sai muka ga kusan ɗaya ne. Na ji haushin hakan, ba zan ɓoye ba. Na so in kama shi da baki biyu.

Sai na kawo zancen Baba Dikin, na ce shi ne ya fi ba ni mamaki. Ta dube ni tana jinjina ko ta faɗa ko ta bari.

"Mama, da gaske ba ku sani ba? Idon Baba ya kusa tafiya. Ya zo nan wajena wata uku da suka wuce, don ba ya son a gan shi a asibitin kusa da ku. Ni na haɗa shi da likita a Birni. Ɗayan idon ya riga ya mutu, ɗayan kuma inuwa kawai yake gani. 'Ya'yansa sun ce bayan Kirsimeti za su zo su tafi da shi gida. Shi ya rubuta wa shugabanni, ya ce kada ya tafi ya bar ku ba kowa."

Furar da ke hannuna ban iya ƙarasa ta ba. Na tuna littafin da yake miƙo mini, na tuna ranar kasuwa. A mota, har muka iso Birni ban san mun iso ba.

Duk da haka zuciyata ba ta sauka gaba ɗaya ba. Ciwon ido ya bayyana mini halin Baba, amma bai bayyana mini igiyar awo ba. In gyaran gini suka zo dubawa, me zai kai su bakin darbejiya?

A al'adar cocinmu, magana irin wannan ba shugaba ke yanke ta ba, taron 'yan ikilisiya ne, kowa da bakinsa da hannunsa. Aka sa ranar taro bayan sujada. Mutanen Gwandu biyar suka zo, har da ma'aikaciyar jinyar. Faston ya sake jera hanyoyinsa. Da ya ce ko akwai mai tambaya, na miƙe.

Na ce, "Fasto, kafin ranar da aka gabatar mana da kai, sau nawa ka zo wurin nan?"

Ya ce, "Sau biyu, Mama."

"Da wa?"

"Da Baba, da wani magini."

"Me ya auna?"

"Rufi da bangon da ya tsage."

Na ce, "Da kuma?"

Ya ce, "Da filin baya. Ikilisiyar Birni ta ce in har za ta ɗauke ku, tana son ta san ko wurin zai ɗauki ɗakunan ɗalibai, don abin da ya fito daga nan ya riƙe mai hidima. Ba sayarwa ba ce. Amma gaskiya ne, takardar za ta koma sunansu."

"Me ya hana ka faɗa mana tun farko?"

"Na ga ba a kai nan ba tukuna. Na yi kuskure da ban faɗa ba."

Cocin ya ɗauki guna-guni. Na ji wani irin daɗi ya taso mini, irin na wanda aka ce masa ashe kana da gaskiya. Daɗin bai daɗe ba, don Baba Dikin ya dafa benci ya miƙe. Ya juyo da fuskarsa wajen da muryata ta fito, amma ya ɗan kauce, yana kallon gefen kafaɗata.

Ya ce, "Ni na kira su. Ni na ce kada a gaya muku tukuna, don na san in kun ji zan tafi, wasunku ba za su jira Kirsimeti ba. Idona ya ƙare. Wata biyu ke nan ina jin yadda gaisuwarku ta canza, ban san laifina ba sai yau. Malama, shekara nawa muna tare? Da kin zo shagona kin tambaye ni."

Na buɗe jakata, na ciro ledar, har da ƙwayoyin gero a manne, na ajiye a kan tebur. Na ce, "Ga takardar da na ce ban san inda take ba. Na sani. Na yi wa Fasto ƙarya, na kuma ɓata sunan Baba a wajen mata. Ku gafarta mini."

Faston ya ce ya yafe, shi ma a yafe masa. Baba ya ce, "Allah ya yafe mana duka," ya zauna.

Taron ya ɗauki lokaci, har yara suka fara kukan yunwa. Wani ɗan sanda cikinmu ya ce shi dai a bar wa Birni, su suke da ƙarfi, mu me muke da shi ban da taurin kai? Ban ce ba shi da gaskiya ba. Ma'aikaciyar jinyar ta ce su za su yarda da fasto ɗaya in har ba za a ce su bar falonsu ba. Wata mata daga cikinmu ta kawo maganar da ba wanda ya zo da ita: ta ce a mai da sujada Hausa zalla, a daina rabin Turanci da fassara, tunda waɗanda aka yi tsarin dominsu sun daɗe da tafiya. Da aka ɗaga hannu, haɗin kai da Gwandu ya rinjaya, Hausa ma ta rinjaya. Filin ya zauna da sunan cocin. Zancen ɗakunan ɗalibai aka ce a ajiye, in za a yi mu za mu yi da kanmu.

Bayan Kirsimeti 'ya'yan Baba suka zo da mota. Na dafa masa tuwon shinkafa da miyar kifi na kai, Inna ma ta aiko da albasa rabin buhu. Ya karɓa ya yi godiya, ya sa mini albarka, ya tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Amma tsohuwar zolayar da ke tsakaninmu ba ta dawo ba. Na tsaya jikin motar ina jiran ya ce wani abu da zai sauke mini nauyi, shi kuma yana ta gaya wa ɗansa yadda za a ɗaure kaya. Har suka tashi. Muna waya jifa-jifa, gaisuwa ce kawai.

Wanda aka turo mana matashin fasto ne, sabon fitowa daga makaranta. Lahadi biyu yana wajenmu, biyu yana Gwandu. Ran da ba ya nan ni da ɗan sandan muke karɓa-karɓar jagorancin sujada. An gyara rufi, tsagar bango tana nan. Wasu iyalai biyu mutanen ƙasarmu ta Zuru da suka daina zuwa saboda ba sa jin Turanci sun dawo. Ɗalibai kan zo, lokacin hutu su ɓace. Wata Lahadin mu kai ashirin, wata mu koma goma sha ɗaya. Ban san ko wannan ne ake kira farfaɗowa ba.

Faston mai farar riga yana leƙo mu sau ɗaya ko biyu a shekara. Muna gaisawa da fara'a, ina ba shi ruwa, ina tambayar iyalinsa. Na yarda mutumin kirki ne. Amma har yanzu in ya ce zai zaga baya, sai in sami abin da zan ɗauko a wajen, in bi shi. Ya gane, yakan yi dariya ya ce, "Mama, taho mu je tare." Ni kuma ba na musu, sai in gyara mayafina mu tafi.